Koyar da Tsaron Lafiya ga 'Ya'yan Aborijin

Aborijin su ne mutanen asalin ƙasar Ostareliya. A al'adarsu akwai zancen da ya ke na maza, akwai kuma na mata, ba a gama su wuri ɗaya. Malamin da ya tara 'yan makaranta maza da mata ya shiga bayanin balaga da saduwa, kunya za ta rufe bakinsu, ba mai tambayarsa kome.

Illar wannan shiru kuwa babba ce. Cikin 2011 tunjere ya ɓarke tsakanin samarinsu da 'yan mata a arewacin Kwinsland, ya shiga Yankin Arewa cikin 2013, da Ostareliya ta Yamma cikin 2014. Cutar takan kama ɗa tun yana ciki, har an yi hasarar jarirai, alhali allurar fanisilin tana warkar da ita.

Saboda haka lalle ne a shawarci dattawa tukuna, sa'an nan namiji ya koyar da maza, mace ta koyar da mata. A Ostareliya ta Yamma akwai shirin Mooditj domin 'yan shekara 10 zuwa 14. Yakan fara da sanin asali, kana ya shiga zancen balaga da girmama juna. Yaron da ya saba tambaya a aji ba zai ɓoye ciwonsa ga likita ba.