Kafin ka ɗora manhajar lissafi a kwamfutar Linux

Na ga lissafin buhunan citta na shekara guda ya salwanta a Jere. Yaron shago ne ya duba rumbun manhajojin Linux bai samu abin da yake so ba, ya kwaso wata daga inda ba a sani ba. Saurara da kyau, ɗana.

Abin da za ka yi

- Fara da sudo apt update in kana Ubuntu ko Mint. Sau da yawa manhajar tana nan, jerinka ne ya tsufa.
- Nemi libreoffice-calc. Tun 2011 Ubuntu ta bar OpenOffice ta koma LibreOffice.
- Kunna sashen universe in kwamfutarka mai rauni ce. Can Gnumeric take, ba ta da nauyi.
- In da gaske babu, tafi libreoffice.org ko Flathub kawai. Ko Red Hat, da ta ce a 2023 za ta daina kawo LibreOffice, Flatpak, tsarin manhajojin Flathub, ta nuna wa mutanenta.
- Ɗauki deb don Ubuntu da Debian, rpm don Fedora. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.
- Gwada lambar SHA256 bayan saukewa. Netwok ɗinmu yana yankewa, guntun fayil kuma asarar data ce.
- Cika batiri tukuna. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai ka yini kana gyara.
- Kwafe fayilolinka a wani wuri kafin komai.

Abin da ba za ka yi ba

- Kada ka karɓi manhaja a filashin da ya zaga shagunan Kafanchan. Ba ka san abin da aka cusa ba.
- Kada ka rubuta umarnin sudo da ba ka gane ba. Makullin gidan gaba ɗaya ka miƙa.
- Kada ka haɗa rumbun Debian da Ubuntu, ko na wata fitowa daban. Wannan ya fi komai ɓarna: ba ya nuna kansa ranar, sai an zo sabuntawa kwamfutar ta ƙi tashi, ga masu bin kuɗinsu a bakin ƙofa.
- Kada ka ɗora OpenOffice kan LibreOffice. Suna rikici kan fayil ɗin soffice.
- Kada ka biya kowa kuɗin lasisi. Kyauta ce.
- Kada ka kunna macro a fayil ɗin da baƙo ya turo ta WhatsApp. Ta nan ɓarayi ke shiga.
- Kada ka goge tsohon xlsx sai ka ga jimillarsa ta fito daidai a Calc.