Adana Tsofaffin Ƙyamaren Ƙarfe a Gine-ginen Tarihi na Kano

1.0 Gabatarwa

Nazarce-nazarcen da ake yi kan gine-ginen Kano sun fi karkata ga tubali da azara da zanen bango. Ƙarfen da ke jikin ginin, wato ƙyaure da sakata da ƙusa da sarƙa, bai cika samun kulawa ba, alhali tun wajajen ƙarni na 7 ake narka tama a kewayen Dutsen Dala. Wannan maƙala ta dubi yadda wannan ƙarfe yake lalacewa da kuma hanyar ceto shi.

2.0 Matsayin Ƙyauren Ƙarfe

Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwar Kano, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Ƙyamaren ƙofofinta aikin maƙeran baƙi ne, waɗanda Jaggar (1994) ya yi nazarin sana'arsu. Ƙyauren Ƙofar Kabuga yana cikin kayan da aka adana a Gidan Makama. Kowane sawun masaba da ke jikin irin wannan ƙyaure shaida ce ta fasahar da ta fara ja da baya bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, lokacin da ƙarfen Turai ya yawaita a kasuwa.

3.0 Musabbabin Lalacewa

Tsatsa tana aukuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da danshi da iska. Da yake ta fi ƙarfen da ta ci girma, takan kumbura ta tsinke ƙusoshi. Bangon ƙasa yakan sha ruwan damina ya kuma bushe, amma idan aka yaɓe shi da siminti sai laimar ta maƙale, gindin ƙyauren ya zauna cikin jiƙa.

Barna ta biyu ita ce gyaran gaggawa. Masu walda na unguwanni irin su Kawaji sun ƙware a ƙofofin zamani, sai dai ƙarfen tama yana ƙunshe da zaren kashin maƙera, wanda ke hana waldar lantarki kamawa da kyau.

4.0 Hanyar Gyara

Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta buƙaci a mutunta ainihin kayan gini, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambance shi da na asali. Bisa wannan, ya dace a fara da ɗaukar hoto da awo, a kankare tsatsa da burushi ba da injin gurza ba, a shafe ƙarfen da kakin adana kayan tarihi, sannan a gyara magudanar ruwa. Ƙusar da ta mutu kaɗai za a sauya, maƙeri ya ƙera madadinta.

5.0 Kammalawa

Gyaran ba zai yiwu ba sai da maƙeran gargajiya, su kuwa raguwa suke yi. Saboda haka akwai aiki a kan sassan nazarin Hausa na jami'o'i, su taskace kalmomin maƙera da matakan aikinta daga bakin dattawan sana'ar, su kuma haɗa su da ma'aikatan gidajen tarihi tun suna da ƙarfin riƙe awartaki.