Yadda Ake Haɗa Ƙofar Rage Hayaƙin Turbo da Kayan Gwangwan

Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya turbo, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska. In ba a yi mata linzami ba, iskar za ta yi ta ƙaruwa har gaskit ya ƙone ko fistin ya narke. Linzamin shi ne wesget, ƙofar da ke buɗewa idan iska ta kai iyaka, wani ɓangaren hayaƙin ya bi ta gefe ba tare da ya taɓa farfelar turbo ba.

Kayan haɗin duk ana samunsu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Nemi bawul na fitar hayaƙi daga tsohuwar top silinda, tare da bututun da sandarsa ke zirya a ciki. Kada ka yarda a ba ka bawul na shigar iska, don ƙarfensa ba na jure wuta ba ne, hayaƙin injin fetur kuwa yakan kai digiri 900. Bawul ɗin wesget na kanti galibi milimita 38 ne, saboda haka zaɓi mai faɗin da ya kusa haka. Sai gwangwanin tsohuwar turbo mai roba da sifirin a ciki, da guntun bututu mai kauri, da farantin ƙarfe. Bututun ruwa mai farin shafe kam a bar shi, hayaƙinsa guba ne wajen walda.

Yanka bututun mai kaurin, ka toshe sama da ƙasa da faranti, ka huda gefe inda hayaƙi zai fita zuwa salansa. Farantin ƙasa shi ne mazaunin bawul. Kai wa mai injin juya ƙarfe ya huda shi, ya yanka bakin ramin daidai da gangaren bawul ɗin, ya kuma huda na sama a saiti ɗaya, inda bututun sandar bawul zai shiga. Nan ne aikin yake. Saiti ya kauce ko kaɗan, sandar za ta cije da zarar ƙarfe ya ɗau zafi. Bayan walda sai a goga bawul da mazauninsa da man goga bawul, har zobe mai toka-toka ya fito a kewaye ba yankewa. Zuba kananzir a kai ka jira. In ya tsatso ta ƙasa, koma guga.

Kan bawul zai kasance ta ɓangaren injin, yadda in gwangwanin ya turo sandarsa zai buɗe. Ɗaga gwangwanin a kan dogayen ƙafafu, ka sa farantin kariya a tsakani, don zafi na cin robar ciki. A haɗa sandar bawul da ta gwangwanin da noti, a ɗan ja sifirin yadda bawul zai zauna daram.

Kafin a ɗora, hura wa gwangwanin iska da famfon keke mai geji. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, ni ban yarda a wuce bar 0.5 ba. Ka sani kuma hayaƙi na danne bawul ɗin, don haka a kan mota zai buɗe a makare fiye da yadda ya yi a teburi.

A yi wa wesget ɗin walda a mahaɗar bututun hayaƙi kafin turbo. A jawo tiyo daga inda iska ke fita daga turbo zuwa gwangwanin, a ɗaure bakinsa biyu da kilif, domin ranar da ya zame ƙofar ba za ta buɗe ba sam. Gwajin farko a yi shi da geji a gaban direba, ana taka totur a hankali. Allura ta haura iyaka, a ɗaga ƙafa nan take, a sassauta sifirin.