Fiya: Abinci Ga Mutum, Dafi Ga Dabba

Darasinmu na wannan wata a kan fiya ne, wadda waɗansu ke kira abokado. Asalinta daga ƙasar Meziko ne, amma tana yi sosai a wurarenmu masu ni'ima, kamar tudun Jos da na Mambila.

1. Amfaninta. Yawancin 'ya'yan itatuwa zaƙi gare su, fiya kuwa mai gare ta. Cikin giram 100 na namanta akwai mai wajen giram 15, irin na man zaitun, mai kyau ga zuciya. Ta fi ayaba gishirin fotasiyam. Tana kuma da sinadarin folet, wanda mace mai ciki take bukata ƙwarai.

2. Shirinta. Fiya ba ta nuna a kan itace, sai an tsinke ta. Ka naɗe ta cikin takarda tare da ayaba, bayan kwana kaɗan ka latsa a hankali. In ta lotsa, ta nuna ke nan. Ka wanke, ka raba biyu, ka fid da ƙwallon da cokali. Kada ka caka masa wuƙa, gama mutane da yawa sun yanke tafin hannu ta haka. A barbaɗa gishiri kaɗan, a ci da burodi ko shinkafa. Abin da ya rage a matsa masa lemun tsami, domin kada ya yi baƙi da wuri.

3. Haɗarinta. A nan sai mu kasa kunne. Cikin ganyenta, da ɓawonta, da ƙwallonta, har da namanta, akwai wani dafi mai suna farsin. Mutum yana cin naman lafiya lau, amma dabba ba haka ba. Akuya ko saniya mai shayarwa, in ta ci ganyen, hantsarta takan kumbura ta yi tauri, nono ya ragu. In ta ci da yawa, zuciyarta takan lalace har ta mutu. Zomo da aku da kanari, ɗan kaɗan ma yana iya kashe su. Kare da kyanwa sun fi jurewa, amma ƙwallon yana iya toshe hanjin kare.

Saboda haka, ya mai karatu, kada ka zuba ɓawon fiya cikin dusa, kada kuma ka ɗaure akuya a gindin itacen. In dabba ta riga ta ci, maza ka nemi malamin dabbobi. Ka koya wa yara wannan, gama su ne masu ba dabbobi abinci.

Tambayoyi
1. Ƙaƙa za ka san fiya ta nuna?
2. Waɗanne dabbobi ne fiya ta fi cuta?
3. A gidanka, ina ake zubar da ɓawonta?