Ƙauna da Godiya a Bakin Kiristocin Bolori

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na Walwalar Harshe ya ba mu aikin gida. Ya ce kowa ya koma unguwarsu ya saurari yadda mutane ke gaisawa, ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ba abin da yake zaton ana faɗa ba. Ni a Bolori nake, ta wajen titin Baga a cikin Maiduguri. A nan aka haife ni, ko da yake iyayena daga duwatsun Gwoza suka sauko. Na sayi ƙaramin littafi, na samu benci kusa da kaskon ƙosan Gwaggona, na yi mako biyu ina rubutu. Da na zo tacewa, sai na ga kalmomi biyu sun cika mini shafi: ƙauna da godiya. Su ne wannan maƙala za ta duba, ta fuskar sigarsu da ma'anarsu, da kuma aikin da suke yi wa masu furta su.

Ya kamata mai karatu ya san cewa yawancin Kiristocin Bolori ba Hausawa ba ne. Akwai Bura, Margi, Kibaku, Kamwe, Glavda da sauransu, ga kuma gari na Kanuri. Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da majami'a. Da ita ake sujada, da ita Zumuntar Mata ke waƙa, da ita ake faɗa a bakin famfo. Hausa ce da ba ta cika damuwa da jinsi ba, kuma ƙ ta koma k a bakin da yawa daga cikinmu, har ka ji ana cewa kauna. Wanda zai rubuta kuwa sai ya kula da ƙugiya, domin tsakanin godiya da goɗiya akwai doki guda.

So, soyayya da ƙauna

Bahaushe yana da so, yana da soyayya, yana da ƙauna. So ya fi faɗi: ana son mutum, ana son goro, ana son tafiya Kano gobe. Soyayya tana da sigar tarayya irin ta ƙiyayya da jayayya, wato abu ne na tsakanin biyu, kuma littattafan kasuwar Kano sun ƙara jan ta zuwa wajen saurayi da budurwa. Ado Ahmad Gidan Dabino ya jera so da ƙauna a sunan littafinsa na farkon shekarun 1990, In Da So Da Ƙauna. Da abu ɗaya ne da bai jera su ba.

Ƙauna suna ce. Aikataunta ƙaunata, ɗan aji na biyu a tsarin Parsons: ya ƙaunaci maƙwabcinsa, ya ƙaunace shi. A karin Sakkwato da Katsina ƙamna ake cewa, kamar yadda ake cewa zamna da amre inda Bakano zai ce zauna da aure. Wannan na cikin sauye-sauyen sautin da ake danganta bayaninsu ga Bajamushen nan August Klingenheben.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Dakta Walter Miller na Zariya yana kan gaba a cikin masu aikin. A Hausar majami'a, ƙauna ce ke ɗauke da nauyin kalmar Girkanci agape. A nawa ganin an yi dace, kuma dalilin yana cikin wata magana da kowane Bahaushe ya sani: yanke ƙauna, ko fid da ƙauna, ko ɗebe ƙauna. Manomin da ya yanke ƙauna da ruwan sama ba daina son ruwa ya yi ba. Daina sa rai ya yi. Ke nan a cikin ƙauna akwai tsammani, akwai jira. Wanda kake ƙauna shi ne wanda ba ka cire rai da shi ba tukuna.

Abin ban sha'awa, kalmar bege ta bi hanyar da ta saɓa wa wannan. A Hausar yau da kullum bege shauƙi ne, kamar yadda muke ji a begen Annabi wajen 'yan'uwanmu Musulmi. A majami'a kuwa bege na nufin sa zuciya ga abin da ke zuwa. Kalmomin biyu kamar sun yi musayar riguna a ƙofar coci, amma kowace ta shiga da ƙanshin tsohuwar rigarta. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri ga mai sha'awar Ilimin Ma'ana.

Yadda na ji kalmar a bakin kasko

Ba a ƙamus na fahimci yanke ƙauna ba. Gwaggona ta iso gidanmu a watan Agusta na 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Gwoza. Ta zo da yara uku da zane ɗaya. Mijinta bai fito ba. Shekarar ta yi wa ikilisiyarmu, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, nauyi ƙwarai. A ranar 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN ne, sannan a ƙarshen Oktoba aka mamaye hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi kusa da Mubi. Ita wannan ikilisiya tun kafuwarta a Garkida a 1923, ta hannun Stover Kulp da Albert Helser, koyarwarta ita ce ba a rama mugunta da makami. Faɗin haka a kan bagade abu ne mai sauƙi. A Bolori, inda mutane suka ga 2009 da idonsu, aka hana acaɓa a 2011, aka rufe layukan waya a 2013, kowa na kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, maganar ta fi ƙarfin baki.

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa Bakanura da muke kira Hajja. Ɗanta ya ɓace a waɗancan shekaru. Wasu suka ce daji ya shiga, wasu suka ce kama shi aka yi. Ko ma wanne ne, unguwa ta janye mata jiki, Musulmi da Kirista. Da Gwaggo ta kafa kasko, sai ta riƙa ware ƙosai a leda kowace safiya ta ce in miƙa wa Hajja. Ina yaro a lokacin, kuma ina jin haushin aiken. Wata rana wata mata daga cikin 'yan Zumunta ta tare ta a gabana.

"Maman yara, kin san ko ɗan wa ya kashe mijinki?"

Gwaggo ta juya ƙosanta ta ce, "Ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba. Ni dai ban yanke ƙauna da ita ba."

Sai a wannan aikin gida, bayan shekara goma, na lura da abin da ta yi da harshe. Ba ta ce tana son Hajja ba, domin a lokacin ba na jin akwai wani so a tsakaninsu. Ta ɗauki maganar da ake yi wa ruwan sama da bashi da mara lafiya, ta ɗora ta a kan mutum. Sura ta 13 ta wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa, wadda ake karantawa a kusan kowane ɗaurin aure a wajenmu, a asalin Girkancinta da jerin aikatau ta bayyana ƙauna, ba da siffofi ba. Gwaggo ba ta san Girkanci ba. Ƙosai take aikawa.

Godiya

Godiya ta fito daga aikatau gode. Yakan ɗauki karɓau kaikaitau: na gode maka, mun gode wa malam. Amma idan Allah ne, sau da yawa wa ɗin kan faɗi, a ce mun gode Allah. Abu na biyu, a shuɗaɗɗen lokaci aka fi faɗinta: na gode, an gode, mun gode. Kafin mai kyauta ya sauke hannu, mai karɓa ya riga ya bayar da rahoton cewa godiya ta kammala. Akwai ina godiya, amma wannan ta fi zuwa da ƙarin ladabi ko a gaban manya. Bahaushe yana da hamdala da shukura daga Larabci, Kanuri kuma sukan ce wushe, wadda ke aikin sannu da na gode a lokaci guda. Ita Hajja ke ba ni kowace safiya, sau biyu a jere.

Abin da ya fi yawa a littafina shi ne godiya a matsayin amsar gaisuwa. Ina aiki? Da godiya. Yaya kasuwa? Mun gode Allah. Yaya jiki? Mun gode Allah. Har a zaman makoki, idan aka ce yaya haƙuri, amsar ita ce da godiya. Wannan ba na Kirista kaɗai ba ne, gadon Hausa ne, kuma inda Hajja za ta ce alhamdu lillahi nan Gwaggo ke cewa mun gode Allah. Darasin da ke nan ga ɗalibin harshe shi ne, jumlar ba rahoto ba ce a kan halin da ake ciki. Mai cewa mun gode Allah bai ce kasuwa ta yi kyau ba. Na ji Gwaggo ta faɗe ta ranar da ƙullu ya ƙare kafin ƙarfe takwas, na kuma ji ta faɗe ta ranar da ta kwashe rabi ta mayar gida. Bambancin yana cikin tsawon numfashin da ke gaban kalmar.

Inda Kiristocin suka ƙara nasu shi ne wajen mayar da kalmomin sunayen yanka. A layinmu kaɗai akwai masu amsa Godiya, Ƙauna, Alheri, Murna da Salama. Ba na mata kaɗai ba ne, domin Godiya Akwashiki da aka zaɓa sanatan Nasarawa ta Arewa a 2019 namiji ne. Uwar da ta sa wa 'yarta Godiya za ta furta kalmar sau da yawa a yini, har da lokacin da take yi mata tsawa. Akwai kuma baikon godiya, inda iyali ke fitowa gaban ikilisiya da rawa, da doya ko kaza ko kuɗi a ambulan, saboda haihuwa ko warkewa ko dawowar wanda aka cire rai da shi.

Wani abu da na tsinta a karatu ya ƙara haɗa mini kalmomin biyu. A ikilisiyar farko, agape suna ne kuma na abincin da masu bi ke ci tare. Eucharistia, wadda ta zama sunan Jibin Ubangiji, ma'anarta godiya, kuma a cikinta akwai charis, wato alheri. Ashe ƙauna da godiya duk sunayen abinci ne a wancan zamani. A EYN har yau ana haɗa wankin ƙafafun juna da cin abinci tare. A unguwa kuwa, kwanon shinkafar Kirsimeti da ya ƙetare katanga shi ne ke dawowa da naman layya.

Inda godiya ke zama kwaɗo a baki

Ba zan ɓoye ba, akwai inda wannan kalma ke ba ni tsoro. Na ga an raba kayan agaji an tauye wa mata mudu, suka ce mun gode, suka tafi. Na ga mai gida ya ninka kuɗin haya, ɗan haya ya ce an gode. Daga Janairun 2021, lokacin da aka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, garin nan ya daɗe a duhu, kuma amsar da ta fi yawa ita ce mun gode Allah da rai. Idan aka koya wa talaka cewa ƙorafi butulci ne, to an sa masa kwaɗo da kalma mai daɗi. Akwai ma na gode ta gatse, wadda ake ja da ka ji a ƙarshe, mai nufin zan tuna da wannan.

Na kai wa Gwaggo wannan damuwa. Ta ce, "Ɗana, Allah nake gode wa, ba mai mudu ba." Kuma gaskiya ne, ita ce ta koma wajen rabon nan ta tsaya har aka cika mata. Nahawu ma yana bayanta: gode yana da karɓau, kuma mai magana ne ke zaɓen wanda zai sa a gurbin.

A nan ne na ga bambancin cikar buri da wadatar zuci. Burin Gwaggo shi ne ta koma gonarta a gindin dutse, ta san inda aka binne mijinta. Bai cika ba. Amma a duk gidanmu babu mai barcinta, babu mai dariyarta. Mu da muke jami'a, masu lissafin abin da ba mu samu ba tun daga kuɗin rajista har zuwa waya, mun fi ta yawan tsaki nesa ba kusa ba. Da na matsa mata a kan sirrin, cewa ta yi idan ta tashi da asuba takan fara ƙirga waɗanda suka kwana da rai a ɗakin, sannan ta tuna akwai mai jiran ƙosanta a bayan katanga, to ranar ta riga ta samu abin yi.

A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu. 'Yan'uwanmu daga Gwange suka cika gidanmu har babu wurin shimfiɗa. Da dare sai ga Hajja da sandarta a ƙofa. Ta ce ɗakin ɗanta a rufe yake tun shekarun nan, a kawo mata mata da yara. Mutum shida suka kwana a can har ruwa ya janye. Da Gwaggo ta je yi mata godiya, Hajja ta ɗaga hannu ta ce ita ba ta karɓa, wai bashin ƙosai take ragewa.

Ranar da na gama aikin, Gwaggo ta ga ina rufe littafi ta tambaye ni ko na rubuta ta a ciki. Na ce na rubuta. Ta ce, "To ka ƙara da cewa man gyaɗa ya yi tsada, malaminku ya sani."