Batirin Sola: Yadda Za Ka Tsawaita Kwanansa, da Inda Ya Kamata Ya Je Idan Ya Mutu

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da dama suka jingine janareta suka koma sola. Babu hayaƙi, babu ƙara, babu bin layin mai. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika tattaunawa a kai ba, wato batir. Fanel ɗin sola na iya yin shekara 20 ko fiye a kan rufi yana aiki, amma batirin dalma da yawancinmu ke saye 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu. Darasinmu na yau a kansa yake.

Me ke cikin batirin?

Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro wannan nau'in batir a 1859, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Batir mai ƙarfin bolt 12 yana da ɗakuna shida a ciki, kowanne na bayar da kusan bolt 2. A cikin kowane ɗaki akwai faranta na dalma da aka tsoma a ruwan asid. Fiye da rabin nauyin batirin duk dalma ce. Ke nan babban batirin inbata mai 200Ah, wanda nauyinsa ya kai kilo 60, yana ɗauke da dalma sama da kilo 30.

Abubuwa uku da ke kashe shi da wuri

Na farko, shanye shi ƙarƙaf. Duk lokacin da batir ya sauke caji, wani farin gishiri kan taru a jikin farantansa. Idan aka yi caji da wuri, gishirin na narkewa. Idan aka bar shi kwana da kwanaki babu caji, sai ya daskare, batirin ya daina riƙe wuta. Ƙa'ida ita ce kada ka sha fiye da rabi. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wuta 2,400Wh, don haka naka 1,200Wh ne kawai. Idan kayan da ka jona suna jan wat 300, awa huɗu ke nan. Ka gwada da mita bayan batirin ya huta: bolt 12.6 zuwa 12.7 na nufin ya cika, kusan 12.1 kuwa ya kai rabi.

Na biyu, zafi. Ana auna ƙarfin waɗannan batura ne a zafin digiri 25. Kowane ƙarin digiri 10 na iya rage kwanan batir da rabi. Ka duba yadda Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan ka tuna batirin da aka kulle a shagon kwano. Ka ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga.

Na uku, ƙarancin ruwa. Idan batirinka mai murfin zuba ruwa ne, ka riƙa duba shi duk wata. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya ko na leda, ban da ƙarin asid.

Idan ya mutu fa?

A nan haɗarin yake. Mataccen batir kuɗi ne, shi ya sa 'yan gwangwan ke rububinsa. Wasu kan fasa shi da gatari, su zubar da asid ɗin a kwata, su narka dalmar a fili. Ƙurar dalma na sauka a ƙasa, kuma ba ta ruɓewa. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya sa hannu a baki, shi ke nan ta shiga jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa kaifin basira, kuma lahanin ba ya gyaruwa.

Wannan ba zato ba ne. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙurar dalma daga sana'ar fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Mu ma mun ga aikin wannan guba a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga niƙan duwatsun zinare dalmar ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin batirin ɗakinka.

Abin da ya rage gare ka

Dalma ƙarfe ce da ake iya narkawa a sake amfani da ita sau da yawa ba tare da ta lalace ba. A Amurka, kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura ana mayar da su masana'anta a sake sarrafawa. Matsalar tana ga wanda ya fasa, da inda ya fasa. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin sa ido kan irin wannan shara. Kai kuma ga naka:

1. Kada ka fasa batir, kada ka zubar da ruwansa.
2. Kafin ka rabu da shi, ka ajiye shi a tsaye, nesa da yara da dabbobi da wurin girki.
3. Ka mayar wa dilan da zai sayar maka da sabo, ka tambaye shi inda yake kai tsofaffin.
4. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa kan batir.
5. Idan da hali, ka duba batirin litiyom nau'in LiFePO4. Ya fi tsada, amma babu dalma a cikinsa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Shi ma ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta.

Batirin da ya yi shekara huɗu maimakon biyu ya rage maka kashe kuɗi, ya kuma rage dalmar da za ta bi ta hannun masu fasawa. A darasi na gaba za mu duba yadda ake saita inbata ta kashe kanta kafin batir ya wuce rabi.