Ƙungiyoyin Masu Sha'awar Mota da Hanyar Dutsen Stelvio: Darasi Game da Hawa da Gangara

A ƙasashen Turai akwai mutane masu sha'awar mota kamar yadda sarakuna da attajirai su ke sha'awar dawaki a ƙasar Hausa. Irin waɗannan mutane su kan kafa ƙungiya, wadda su ke kira kulob, su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, kowa ya riƙa biyan kuɗin shekara. Idan sanyi ya wuce su kan sa rana, su haɗu ran Jumma'a da yamma ko Asabar da sassafe, su kama hanyar duwatsu, su yi kwana ɗaya ko biyu, kana su komo gida ran Lahadi. Tuƙin kansa shi ne abin da suka fito nema.

Wanda ya ji labarinsu zai zaci gudu ne kaɗai gwanintarsu. Amma abin da ke sa ayarinsu ya je ya komo lafiya abu biyu ne: sanin halin mota bisa dutse, musamman wajen gangara, da bin tsari. Waɗannan su ne za a bayyana a nan, gama sun shafi kowane mai mota da kowane mai kula da hanya.

1. Hanyar da su ke zuwa

Cikin hanyoyin da ƙungiyoyin nan suka fi so akwai ta Stelvio, a duwatsun Alps na arewacin Italiya, dab da iyakar Suwizalan. Ƙololuwar hanyar ta kai tsawon mita 2,757 bisa teku, watau ƙafa 9,000 da 'yan kai. Daular Ostiriya ce ta gina ta daga 1820 zuwa 1825, don ta haɗa lardin Lombardiya, wanda ke hannunta a lokacin, da sauran ƙasarta. Injiniyan da ya tsara aikin sunansa Carlo Donegani. Tun bayan Yaƙin Duniya na Farko gefen hanyar duka biyu suka zama cikin Italiya.

Daga garin Prato, da ke gindin dutsen ta arewa, zuwa ƙololuwa kamar kilomita 24 ne, a cikinsu kuwa matafiyi zai hau wajen mita 1,800. A wannan gefen akwai lanƙwasa 48, kowacce an sa mata lamba. Daga ƙololuwa hanyar ta gangara kudu zuwa garin Bormio. Dusar ƙanƙara ta kan rufe ta da hunturu, sai wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a ke buɗe ta, a sake rufewa kafin ƙarshen shekara.

Sunanta ya daɗe da fita wajen masu mota. Akwai wata gasa da a ke kira Coupe des Alpes, wadda ƙungiyar masu mota ta birnin Marseille a Faransa ta riƙa shiryawa har 1971, kuma sau da yawa ta kan bi ta Stelvio. Abin lura game da gasar nan shi ne, a kan ba da kofin ga duk wanda ya isa kowane zango cikin lokacin da aka yanka, ba a ci shi tara ko ɗaya ba. Wanda ya yi haka shekara 3 a jere shi ke samun kofin zinariya. Ian Appleyard na Ingila ya same shi a 1952, Stirling Moss kuma a 1954. A 2007 wani shirin talabijin na BBC mai suna Top Gear ya yabi hanyar ƙwarai, daga nan baƙi suka daɗa yawa.

2. Abin da ya sa hanyar dutse ke lanƙwashewa

Sa'ad da aka gina Stelvio babu mota a duniya, keken doki ne ke binta. Doki kuwa ba ya iya jan kaya a tudu mai tsananin tsayi. Saboda haka maimakon a miƙe da hanyar sama sosai, sai aka riƙa kai ta gefe, a juyo da ita, a sake kai ta ɗaya gefen, kamar yadda jaki mai kaya ke yi da kansa idan ya tarar da tudu. Tafiya ta ƙaru, amma hawan ya yi sauƙi: cikin kowace mita 100 ta tafiya a kan hau kamar mita 7.

Wahalar da ke ciki ita ce, a kowace lanƙwasa sai mota ta juya gaba ɗaya ta fuskanci inda ta fito, kuma direba ba ya ganin abin da ke tafe. Babbar mota ta kan cinye faɗin hanyar duka kafin ta juya. Don haka gwanin direba ya kan rage gudu ya sa ƙaramin giya tun kafin ya shiga lanƙwasar, ya tsaya a hannunsa, ya kuma ɗaga ido ya dubi sashen hanyar da ke bisansa ko ƙarƙashinsa, don ya san mai zuwa tun da nisa.

3. Abin da tudu ke yi wa inji

Inji yana ƙona mai ne da iska, iska kuwa tana raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. A ƙololuwar Stelvio nauyin iska bai kai kashi 3 cikin 4 na wanda ke bakin teku ba. Saboda haka motar da injinta ba shi da na'urar cusa iska ta kan rasa kamar rubu'in ƙarfinta a can. Har wa yau ruwa ya kan yi saurin tafasa: a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 91 maimakon 100. Ga shi mota na tafiya sannu cikin ƙaramin giya, iska kaɗan ke ratsa lagireto. Shi ya sa masu tsofaffin motoci su kan duba ruwa da bel da murfin lagireto kafin su tashi, su kan kuma tsaya a hanya inji ya huce. Ba a buɗe murfin lagireto yana da zafi, gama tururi zai ƙona mutum.

4. Gangara ta fi hawa hatsari

Idan inji ya gaza a hawa, mota tsayawa za ta yi. Idan birki ya gaza a gangara, ba abin da zai tsai da ita. Aikin birki shi ne ya mai da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan ta gangaro mita 1,800, ƙarfin da ta saki ya isa ya tafasa ruwa fiye da garwa 4, kuma mafi yawan wannan zafi birki ne zai sha shi idan direba bai bar inji ya taimaka ba.

Birki ya kan gaza ta hanya biyu. Ta farko, idan takalmin birki ya yi zafi fiye da kima sai ya daina kamawa, direba ya taka da ƙarfi, mota ba ta rage gudu ba. Ta biyu, man birki ya kan tafasa. Man nan yana shan laimar iska a hankali. Irin wanda a ke kira DOT 4, idan sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha laima yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, a taka birki ya tafi ƙasa ba tare da ya kama ba. Don haka kamfanonin mota da yawa su ke cewa a sake shi duk shekara 2.

Maganin duka biyu ɗaya ne: giyan da aka hau da shi, da shi a ke gangarowa, inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki. A taka shi sosai na ɗan lokaci, a sake shi ya huce, kada a ɗora ƙafa bisansa tun daga sama har ƙasa. Fitar da mota daga giya don tsimin mai kuwa shi ne mafi munin abin da direba zai yi a gangara.

5. Tsarin ayari

Ƙungiya mai tsari ta kan yi tafiyarta kamar ta fatake na dā, jagaba a gaba, madugu a baya. Kafin a tashi a kan tara direbobi, a ba kowa takardar hanya, a faɗi inda za a ya da zango da inda za a sha mai. Idan motoci sun yi yawa sai a raba su ƙananan rukuni. Ba a wuce juna cikin ayari. Kowane direba shi ke da alhakin wanda ke bayansa: idan an zo mararraba bai hange shi ba, sai ya jira. Na ƙarshe shi ke ɗauke da kayan gyara, ba ya kuwa wuce motar da ta lalace.

Dokar hanya ta hau kansu kamar kowa. Tsere bisa hanyar jama'a ba da izni ba laifi ne a Italiya. Dokar ƙasar ta kuma ce idan motoci biyu suka haɗu a matsattsen wuri bisa dutse, mai gangarowa shi zai tsaya ya raɓe, gama tashi daga tsaye ya fi wa mai hawa wuya.

6. Hakkin mazauna wurin

Baƙin nan suna kawo ciniki ga masaukai da gidajen abinci, amma suna kawo ƙara da cunkoso ga ƙauyuka da makiyaya da namun daji, gama hanyar ta ratsa gandun dajin Stelvio, wanda aka keɓe tun 1935. Hukumomi sun nemi daidaita abin. Rana ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a kan rufe hanyar ga motoci a bar wa dubban masu kekuna. A maƙwabta kuma, jihar Tirol ta Ostiriya ta kafa doka a 2020, ta hana babura masu ƙara fiye da ƙima bin waɗansu hanyoyin dutse da bazara.

7. Abin lura ga hakimai da malamansu

Halin birki ɗaya ne ko'ina. Abin da ke faruwa a Stelvio shi ke faruwa a Hawan Kibo, bisa hanyar Jos zuwa Akwanga, da kuma hanyar da ta hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, inda motocin kaya da na fasinja ke hawa da gangara kullum don neman abinci. Hakimin da irin wannan hanya ta ratsa gundumarsa yana da abin yi. Ya ja kunnen shugabannin direbobi a tasha game da giya da man birki da lodi fiye da ƙima. Ya sa masu unguwanni su riƙa kawar da duwatsun da 'yan mota ke tokare taya da su su bari bisa hanya. Malaminsa kuma ya riƙa rubuta inda kwalbati ya toshe, ko alama ta faɗi, ko ƙarfen gefen hanya ya karye, da ranar da aka gani, a aika wa hukumar da ke da hanyar kafin damina ta sauka.